Katangata ta Bakin Tafki

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Takardar ritaya ta iso yau. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina shugabar makaranta a nan Kalgo, ga shi an sallame ni da layi huɗu. Layin ƙarshe ya ce in bar gidan malamai kafin Yuni ya ƙare. To, zan bari. Ai ba da shi aka haife ni ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwandu. An yi taron dangi a kaina, ina zaune ana shawarar inda za a ajiye ni kamar tsohon akwati. Yaya Abdulgani ya ce ɗakin marigayiya Innarmu yana nan a rufe. "Halimatu, macce in mijinta ya kau, gidan ubanta ta ka komawa." Ɗana Muzzammil kuma ya taso tun daga Abuja da nasa shirin: ɗaki a bayan gidansa, da na'urar sanyi da talabijin. Matarsa yarinyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta. Amma in zauna ina jiran a kawo mini abinci a tire, in za ni unguwa sai an ba direba izini?

Na zauna gidan uba, na zauna gidan miji, na zauna gidan gwamnati. Ban taɓa rufe ƙofar da take tawa ba. Na ce musu nawa zan gina. Yaya ya yi dariya har da tari.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na samu fili, kuma na saya. Wani ɗan ƙauye ne gaba da Diggi, a bakin tafki. Ba kwalta, ba lantarki, shi ya sa abin da na tara ya isa har da ragowar yin gini. Daga inda zan sa tagata ana ganin ruwa shimfiɗe, da bado, da kwalekwale biyu uku na masunta. Na tsaya a wurin na ji ƙirjina ya buɗe. Rabon da in ji haka tun mijina Malam yana da rai.

Na gaya wa Yaya a waya. Ya ce araha ba ta ado. Na ce ni ba ado na je saye ba.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. Wata hanyar ƙafa ta ratsa tsakiyar filin, daga ƙauyen zuwa bakin ruwa. Ta sha tafiya har ta zurma, kusan rabin ƙwauri. Za a cike ta.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ɗakuna biyu sun kai linta, yau aka fara katanga. Ishaya, birkilan da ya gina mana azuzuwa, shi ke aikin. Ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce ko a ja katangar a bar wa mutane hanyarsu a waje. Na ce filina daga turke zuwa turke ne, takarda na hannuna.

Da hantsi wata tsohuwa ta zo, ana ce mata Inna Jummai. Gidanta ne ke jingine da iyakata ta sama, sana'arta bandar kifi, jikinta duk ƙanshin hayaƙi. Ta gaishe ni da kyau, sannan ta ce, "Malama, hanyag ga ta girme ki, ta girme ni. Da rani mu ka bin ta, da damina ruwan garin ga dut ita shi ka bi shi sauka tabki. Ki bar mata baki."

Na ce na gode, za a sa bututu biyu a ƙarƙashin katangar. Ta dubi bututun da Ishaya ya nuna mata, ta ce wannan ko ɓera sai ya duƙa. Ta tafi.

Na san wannan dabarar. Yanke suke so su ci gaba da yi ta cikin gidana, shi ne aka laƙa wa ruwa. Ni da na koyar da labarin ƙasa shekara da shekaru, mai bandar kifi ce za ta gaya mini inda ruwa ke bi?

Lahadi, 11 ga Mayu

Mai gari ya aiko dattawa biyu. Magana mai laushi, da addu'a a farko da ƙarshe, amma dai hanyar ce. Na ba su ruwa da goro, na nuna musu takarda. Ɗayan ya ce, "Ai ruwa bai iya karatu ba, Malama." Katanga ta riga ta kai kafaɗa.

Litinin, 30 ga Yuni

Na tare. Na rufe ƙofa da hannuna, na buɗe, na sake rufewa. Na yi kuka kaɗan, ba wanda ya gani.

Talata, 15 ga Yuli

Yanzu matan ƙauyen zagaye suke yi ta gonar dawa kafin su kai ruwa, da tulu a ka da goyo a baya. Ina jin muryoyinsu ta bayan katanga. In sun zo daidai gidana sai hirar ta mutu, sai sun wuce ta tashi. In mun haɗu a waje suna gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, ba ragi ba ƙari. Ko ƙwaryar fura ba wadda ta aiko, ni da na ji ana cewa mutanen karkara ba sa barin baƙo.

Ba damuwata ba ce. Hutu na zo yi.

Juma'a, 25 ga Yuli

Yau ban yi magana da kowa ba sai mai kawo itace.

Asabar, 16 ga Agusta

Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. Wayata ta mutu, ba wuta, ban samu ƙarfin fita inda ake caji ba. Da na kunna yau sai ga kiran Muzzammil goma sha tara. Na kira shi, ya ce: "Mama, da wani abu ya same ki, wa zai sani? Kwana nawa za a yi kafin a sani?" Na ce Allah zai sani. Ya ce ƙarshen wata yana zuwa da mota, kuma ba shi kaɗai zai koma ba.

Har yanzu ina juya tambayarsa. Amma ba inda za ni.

Laraba, 27 ga Agusta

Hannuna na ciwo, amma sai na rubuta.

Tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe tara na ji ana dukan ƙofata. Na buɗe, ruwa ya shigo kafin mai bugun. Ladi ce, surukar Inna Jummai, jiƙe sharkaf. Ta ce in zo in gani.

Na gani. Ruwan ƙauyen gaba ɗaya ya gangaro ta tsohuwar hanyar, ya iske katangata, ya tsaya. Bututun nan biyu leda da kara sun toshe su tun tuni. Ruwan ya koma baya ya cika gidan Inna Jummai har gwiwa. Wurin bandarta ya nutse, kifin da ta kwana biyu tana gasawa yana yawo a kan ruwa, bangon ɗakinta na ƙasa ya fara zubewa. Tana tsaye a ciki riƙe da jikarta a kafaɗa. Kallona kawai ta yi. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maza duk suna fadama wajen shinkafa. Matan sun taru sun yi cirko-cirko, ba mai taɓa katangar, ta Malama ce mai takarda. Na koma ciki na ɗauko taɓaryata. Bugun farko bai yi komai ba sai girgiza mini haƙora. Na biyu ma haka. A na uku na ji wata taɓarya ta sauka kusa da tawa, sai wata, sai wata. Mu bakwai muka jera muna lugude a kan bulo, har wata ta fara ba da amo kamar ana surfe. Da ya fashe ruwan ya kusa tafiya da ni, Ladi ce ta cafke zanena. Muka bi shi ta tsakar gidana muka fasa katangar ɓangaren tafki ma. Ya wuce tafki abinsa, ta inda ya saba.

Ɗakunana ba abin da ya same su. Na Inna Jummai ya faɗi da la'asar.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ita da jikokinta biyu suna ɗakina na biyu. Dama a rufe yake, ba komai a ciki sai littattafai.

Na je zan ba ta haƙuri, bakina ya ƙi. Na ce mata shayi ya yi sanyi.

Lahadi, 31 ga Agusta

Muzzammil ya zo jiya. Ya tsaya yana kallon giɓi biyu a katanga da kwarin da ruwa ya haƙa a tsakar gida, ya ce, "Mama, ya isa haka. Haɗa kayanki." Na ce ko allura ba zan ɗauka ba. Ya ce ba maganar katanga yake ba, maganar ranar da zan faɗi ni kaɗai yake. Idonsa ya kawo ruwa. Na juya ina gyara murhu don kada nawa ya biye masa.

Inna Jummai tana gefe tana tsince wake, na ɗauka ba ta ji. Sai ta ce, "Ɗana, zo nan. Ka ga hanyag ga? Macce arba'in ka bin ta kullum, sahe da marece. Ran da uwarka ba ta hito ba, kahin rana ta ɗaga mun sani. Kai can birni, maƙwabcinka na sanin ka kwana?"

Ya dubi hanyar. Yana tsaye mata uku suka ratso ta giɓin da tuluna, kowacce ta durƙusa ta ce, "Malama, an wuni lahiya?" Ɗaya ta ajiye mini ɗanyen kifi a ƙwarya ta wuce.

Ya kwana ɗaya, ya koma shi kaɗai. Ya dai sa na yi masa alkawarin za a toshe katangar da zarar ruwa ya ɗauke, a sa manyan bututu.

Talata, 14 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke. Ishaya ya zo da bulo cikin amalanke zai toshe giɓin. Na ce ya kai su gidan Inna Jummai, bangon da take tayarwa ya fi bukata, kuma ni tare mini wuri za su yi. Guda goma na ce ya rage, ya yi mini dakali a bakin giɓin sama. Gwiwata ce ke ciwo, kuma inuwa ta fi kyau a wajen.

Ya tambaye ni yaushe zai dawo aikin katangar. Na ce zan aika masa. Filina ne dai har yanzu, daga turke zuwa turke, wanda na ga dama shi ke wucewa.

Yau mata talatin da ɗaya suka wuce kafin azahar. Ummulkhairi mai tsohon ciki, da ke wucewa kullum, ba ta cikinsu. Bari in sa mayafi in leƙa.