Injin da Ke Rawa Kamar Karkataccen Mazari

Shagari,
16 ga Sha'aban, 1373.

Zuwa ga ƙanena Sodangi a Kumasi,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya yi wa fataucinka albarka. Mu nan sai godiya. An fara cire albasa a fadama, zafi ya tsananta, gwiwata tana damuna, amma har yanzu ni nake ɗebo ruwana, kuma matan da nake karantarwa ba su daina zuwa ba. Da hannuna na rubuta wannan, ban yarda wani ya ji abin da ke ciki ba.

Ka san tun rasuwar maigidana Malam ban roƙi kowa kome ba, har kai. Yau zan roƙa, a kan ɗan farina, mai sunan mahaifinmu, wanda ke koyarwa a makarantar Bodinga. Bara ya ɗauko tsohuwar bindigar toka ta mahaifinsa, ya karɓi takardar izini, ya ce yana sha'awar koyon gyaranta idan ya taso daga aiki. Ya je wurin Arzika, maƙerin Dandin Mahe, ya nemi ya koya masa. Arzika ya ce ƙira gado ce, ɗan malam ya riƙe alƙalaminsa. Sai ya yi zuciya, irin tawa, ya tafi Sakkwato neman injin sassaƙa ƙarfe, wanda ake takawa da ƙafa yana juya ƙarfe wuƙa tana fere shi.

Matarsa Safinatu ta gaya mini cewa wani bakanike, Ɗantani, ya nuna masa tsofaffi guda biyu. Ɗaya ya yi baƙi da tsatsa, amma Ɗantani da kansa ya ce shi ne mai tafiya daidai. Ɗayan an shafe shi da koren fenti, da rubutun Turanci a jikinsa. Ɗan nawa ya karanta rubutun, ya shafa fentin, bai ce a juya masa ko ɗaya ya gani ba, ya ɗauki koren. A mota aka kawo shi, mutum shida suka shigar da shi zaure.

Juma'ar da ta wuce na je Bodinga dubiya. Ina wucewa ta zauren na tarar da ɗan nawa yana taka injin, na tsaya daga bakin ƙofa kamar mai gyara takalmi. Sodangi, shekara hamsin ina kaɗi. Na san mazarin da ya miƙe, yana juyawa kamar a tsaye yake, na kuma san karkatacce. Bakin ƙarfen nan rawa yake yi. Mazari irin wannan zarensa kauri nan, siriri can, kuma a wurin siririn yake tsinkewa. Abin da yake ferewa kuwa shi ne ƙarfen da zai toshe gindin bindigar, daidai inda mai harbi ke ɗora kuncinsa.

Ban yi masa magana ba. Ka san tun da na haife shi ban kama sunansa ba, ban zauna hira da shi ba, kamar yadda mahaifiyarmu Inno ta yi da babban wanmu. Na kira Safinatu na gaya mata ta isar. Ta dawo tana sunkuyar da kai, wai ya yi dariya, ya ce Inna ta san littafi da mazari, amma wannan aikin Turawa ne, kowane inji yana girgiza. Na aika wa Arzika, ya ce ba ya sa baki a aikin da ba a maƙera aka yi ba. Yanzu ɗan nawa ya shaida wa mutanen unguwa cewa shi zai buga bindigar ganin watan azumi da bindigar mahaifinsa.

Kai kawunsa ne, maganarka kaɗai yake ji. Ka rubuto masa kada ya zuba mata albarushi sai maƙeri ya duba. Na ƙirga kwanakin: saura goma sha uku ko sha huɗu, takardarka ta bara kuwa sai da ta yi kwana ashirin a hanya. Na san abin da wannan lissafi yake nufi, amma ka rubuta.

Ranar ashirin da tara zan koma Bodinga. Zan tsaya a zauren, a gaban mutane, in kira sunansa, in ce ya ajiye. Ban sa ran zai ajiye ba, domin ni na raine shi a kan cewa wanda ya faɗi magana a bainar jama'a ba ya janye ta.

Ka gai da Maryam da Zainabu da Maniru, da dukan mutanenmu na zango. Ka sa shi a addu'a da sunansa, kai da ba a hana ka ba.

Wassalam.
Yayarka,
Zulaihatu 'yar Malam Muhammadu.