Tattabara Mai Zobe

Litinin, 3 ga Maris
Wata baƙuwar tattabara ta sauka a lambuna. Ba irin na dajin nan masu cinye mini latas ba ce. Ja ce, mai faɗin ƙirji, tana taku kamar gonar ubanta. Fiffike ɗaya a sake, ina jin shaho ne ya taɓa ta. Akwai zobe a ƙafarta.

Talata, 4 ga Maris
Na duba littafin tsuntsayen nan marar bango. Ya ce ta daji in ta dame ka da ɓarna, ka kora ta ƙi, kana iya harbi. Mai zobe kuwa dukiyar wani ce, ba a taɓa ta. Sau biyu na karanta, kada gobe in ce ban gane ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ashe ta Tabarau ce. Malamin da ya ɗaga takardata a gaban aji ya ce, "Ku kalli daƙiƙi." Daga ranar ban sake taka makaranta ba. Yanzu ya tsufa, kiwon tattabaru yake yi a bayan layinmu. Ya zo ƙofarmu yana kaɗa gwangwanin hatsi, wai da ƙararsa suke komawa gida.
"Samari, ba ka ga wani jan namiji mai zobe ba? 'Ya'ya biyu ya bari a sheƙa."
Samari. Ko gane ni bai yi ba. Shekara goma sha ɗaya ina zaginsa a zuci, shi ko fuskata bai riƙe ba.
Na ce ban gani ba. Alhali tsuntsun yana bayan tankin ruwa.

Juma'a, 7 ga Maris
Harbi ɗaya. Bai mutu nan take ba, ya yi ta jan jiki a cikin kwamin latas. Na tsaya ina kallo har ya daina.
Mama ta ce, "Me ya yi maka?"
Na ce latas ya ci.
"Ko ganye ɗaya bai taɓa ba." Ta shige ɗaki.
Na cire zoben, na binne saura.

Lahadi, 9 ga Maris
Kullum da la'asar yana bin layi da gwangwaninsa. Na ce, "Malam, an dace kuwa?" Har godiya ya yi mini. Na ji daɗi. Na ji daɗi mana.

Laraba, 12 ga Maris
Macen jan namijin ta gaji da ciyarwa ita kaɗai, ta bar sheƙa. Ɗa ɗaya ya mutu. Tabarau ya tarar da ni da littafin tsuntsaye a ƙofa, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, ko zan duba masa yadda ake ciyar da ɗayan.
Daƙiƙi ne zai karanta wa malam. Don wannan kawai na bi shi.

Asabar, 22 ga Maris
Safe da yamma nake zuwa. A jiƙa hatsi ya yi laushi, a buɗe bakin da yatsa, a tura kaɗan kaɗan. Hannun tsohon rawa yake yi, zai shaƙe ɗan tsuntsun, shi ya sa nake zuwa. Gashi ya fara fitowa. Ja.
Yau Tabarau yana kallona ya ce, "Wanda ya koya maka karatu ya iya aikinsa."
Amsar da na daɗe ina wasawa ta zo har bakina. Ɗan tsuntsun ya cusa baki tsakanin yatsuna yana kuka. Na ce, "Miƙo ruwan ɗumin, Malam."
Zoben yana aljihuna. Kullum da shi nake zuwa, kullum da shi nake dawowa.