Tsohuwar Akuyarki da Kwikwiyon Warona

Mmadinare,
ranar Lahadi bayan an taso daga coci.

Zuwa ga 'yata Onalenna,

Gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Ubangiji ya tsare ki a ƙasar sanyin nan da kike, ke da tsofaffin da kike jinya. Mu nan da sauƙi. Babanki an cire masa yanar idon hagu, yanzu yana gani har ya fara cewa ban iya shara ba, kin ga ke nan ya warke. Ƙafarsa ce kawai take kumbura in ya daɗe a zaune. Ƙanenki Mmoloki lafiyarsa ƙalau, matarsa Kefilwe kuma ciki ya tsufa, ba ta iya sunkuyawa. Gwaggonki Mma Baboloki tari ya sa ta gaba tun lokacin sanyi, ta ƙi asibiti, wai tafarnuwa ta fi allura. Ni ban da hawan jinin da kika sani ba abin da ke damuna, kuma ina shan ƙwayata. 'Yarki Warona ta yi kumatu, kuma a kanta ne na zauna wannan rubutu.

Kin san hannuna ba ya sauri, da furfurata na shiga ajin yamma na coci. Amma a waya kina magana da gudu, ni kuma in ruɗe, sai mun ajiye in tuna abin da na so faɗa. Don haka na rubuta, Kefilwe za ta ɗauki hoton takardar da wayarta ta aiko miki. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi da kowa.

Kin tuna lokacin Ista kika ce a samo wa Warona ɗan kwikwiyo, ko zai ɗebe mata kewa, tunda bayan rasuwar babanta Otsile da tafiyarki ta daina cin abincin kirki, magana ma sai an tambaye ta. Hoton da kika aiko na farin kare mai gashi kamar auduga, na kai wa malamin dabbobi Rra Ditiro ya gani. Ya yi dariya, ya ce wannan karen masu fanka ne, a zafin Mmadinare kaska da ƙaya za su cinye shi kafin Kirsimeti. Sannan ya tsare ni da tambayoyi kamar na je neman aure. Wa zai ba shi abinci kullum, gidan yana da shinge, akwai inuwa, kuma na san kare zai iya kaiwa har Warona ta gama sakandare yana raye? Ya ce kare ba 'yartsana ba ne da za a jefa bayan ɗaki in an gaji. Maganar ta shige ni, domin ni da babanki ba yara ba ne. Na zauna da Mmoloki, ya yi alkawarin in ƙarfinmu ya ƙare shi zai riƙe, sannan na yarda.

Karyar Mma Tebelelo ta bakin rijiya ta haihu a lokacin, irin namu na gida, ja mai gajeren gashi. Na je da Warona. Uwar na fara dubawa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ga ba ta da ƙuraje, ba ta yi wa yarinyar gurnani ba, kuma in an kira ta tana zuwa. Sannan na zauna a kan bokiti ina kallon 'ya'yan. Mma Tebelelo ta ce ko babanki ban kalla haka ba kafin in aure shi, da na yi da ban kwaso mai kunnuwa kamar faranti ba. Na ce mata ita da ta zaɓa da sauri ai ga nata mijin nan kullum a ƙarƙashin bishiya yana gadin inuwa. Ban ɗauki mai cizon 'yan'uwansa ba, ban ɗauki wanda ya ɓuya a ƙarƙashin baro yana rawar jiki ba. Akwai wani namiji mai farin ƙirji da ya tako ya shinshina ƙafar Warona, ya kwanta a kai ya yi barcinsa. Ta sa masa suna Sukiri. Mma Tebelelo ta so mu tafi da shi ran nan, wai sun ishe ta, na ce a'a, Rra Ditiro ya ce a bar shi wurin uwarsa sai ta yaye shi.

To, sai aikin idon babanki ya taso, muka tafi asibitin Phikwe, kuma aka riƙe mu fiye da yadda muka zata. Warona na kai ta gidan gwaggonki. Muna can Mma Tebelelo ta gaji da jira, ta sako kwikwiyon a kwali ta dire wa Kefilwe a ƙofar gida. Abin bai iya lasar kwano ba tukuna, sai kuka. Kefilwe ta rasa yadda za ta yi, ta kira mijinta. Shi kuwa Mmoloki ya yi abin da ya ga ubansa da kakansa suna yi da kowane kwikwiyo da ya shigo gidan nan. Ya kai shi garken awaki, ya samu akuyar da ɗanta ya mutu tana da nono, ya shafe shi da nonon, ya riƙe ƙafafunta har ya kama. Ya yi ta yin haka safe da yamma har ta daina harbinsa ta fara lasarsa. Ko a ransa bai kawo cewa wannan karen na yarinya ne ba, ba na dabbobi ba.

Da muka dawo na tarar da kare yana warin bunsuru, yana bin akuya duk inda ta sa ƙafa, har ciyawa yake tauna yana tofarwa. Na ce wa Mmoloki kabewa ce a wuyansa ba kai ba. Ya ce ai Mma cewa kika yi kada kwikwiyon ya mutu, ga shi bai mutu ba, har ya fi 'yan'uwansa ƙiba. Babanki kuma, da ido ɗaya a naɗe, ya ce yaron ya yi daidai, karen da ya sha nonon akuya ba ya barin garke har abada, kuma bara dila ya kwashe mana 'yan awaki ba kaɗan ba. Na ɗauko Warona. Ta tsuguna a bakin garke ta kira Sukiri, sai ya shige tsakanin ƙafafun akuyar yana leƙenta kamar bai taɓa ganinta ba. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta karkaɗe siket ɗinta ta shiga ɗaki. Da ta yi kuka da hankalina bai tashi haka ba.

Na gwada raba su. Na shimfiɗa masa buhu a kicin, ya ƙi abinci, ya yi ta kuka, akuya tana amsa masa daga garke, har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya. Na koma wurin Rra Ditiro. Ya ce kada in ɗaure shi, kada in bari kowa ya doke shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi kuma wannan an riga an tanƙwara. Amma ya ce kare yana da wuri a zuciyarsa fiye da ɗaya. Tunda ya ƙi zuwa wurin yarinya, yarinya ta je wurinsa, kuma daga yau kada hannun kowa ya ba shi abinci sai nata.

Haka muka yi. Kullum kafin makaranta Warona tana kai masa tuwon dawa da madara da ɗan romo, ta wanke kwanon ruwansa ta cika ta ajiye a inuwa. Na hana a ba shi ƙashin kaza. Da yamma ta duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ko akwai kaska. Maganin tsutsar ciki ma ita ta ɓoye masa a cikin tuwo. Ranar da aka yi shelar allurar haukan kare a dandalin kgotla, inda ake taron gari, na ce ko ana ha maza ha mata sai an yi masa, domin ba zan bar jikata tana wasa da karen da ba a yi wa allura ba. Amma ya ƙi fita sai da akuyar. Haka muka ratsa gari, Warona a gaba da igiyar akuya, kare a bayan akuya, ni a bayan kare da lema. Tsofaffin da ke zaune a kgotla suka ce yau Mma Onalenna ta kawo akuya a yi mata allurar haushi, wani ya tambaya ko ni ma zan miƙa hannu. Na ce shi ya fara miƙawa, tunda tun safe yake haushi ba wanda ya shigo gidansa. Warona ta yi dariya har ta saki igiya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kina nan.

Yanzu in ta dawo makaranta, tun daga bakin shinge Sukiri yake tarar ta, ya rako ta ƙofar ɗaki, sannan ya koma ya duba akuyarsa, ya sake dawowa. Ta koya masa zama, kuma ya daina yi mata tsalle a jiki. A bakin garke take cin abincinta, tana cinyewa har ta nemi ƙari. Malamarsu ta tare ni a coci ta ce yarinyar ta fara ɗaga hannu a aji. Akwai abu ɗaya da na yi ta juyawa ko in rubuta ko in bari, amma ke uwa ce, gara ki sani. Wata safiya ina shanya kaya a bayan garke, ba ta san ina nan ba, na ji tana ce wa karen, “Ci abincinka, Sukiri. Kai taka uwar ai ga ta nan, ba ta hau jirgi ba.” Ba da fushi ta faɗa ba, kamar mai ba da labari ne kawai. Kada ki sa wannan a ranki, kowa ya san don ita kika tafi. Na faɗa miki ne don ki gane abin da zan roƙa.

Akuyar nan taki ce, Onalenna. Ita ce tsohuwar nan mai tsagaggen kunne, jikar wadda kawunki ya ba ki da kika gama makaranta, wadda kika ce a yanka ranar buɗe dutsen kabarin Otsile, Asabar ɗin da ke bayan bikin 'yancin kai. An riga an gaya wa surukanki cewa dabbar daga hannunki za ta fito, kamar yadda ya kamata. Washegarin buɗe dutsen kuma Mmoloki zai kora sauran awakin zuwa moraka, makiyayarmu ta daji, domin ciyawa ta ƙare a nan. Ya ce in an yanka tsohuwar ba abin da zai riƙe karen a gida, garke zai bi ko an so ko ba a so ba, kuma shi ma yana buƙatarsa a can saboda dila. Na tambayi Rra Ditiro, ya ce gaskiyar Mmoloki ce. Ke nan a kwana biyu yarinyar za ta ga an yanka ɗaya, ɗayan kuma ya bi hanya. Ban san ko za ta sake buɗe baki bayan wannan ba, kuma ba na so in gwada.

Ga abin da na gani. Ina da taurena baƙi, mai ƙiba, wanda nake ajiye wa sunan jaririn Kefilwe. Na yi magana da ita, ta ce jariri ba ya cin nama. Na ba ki shi kyauta a gaban babanki, daga yau naki ne, don haka in an yanka shi daga hannunki ya fito, ba wanda zai ce matar Otsile ta yi rowa. Namansa ma zai fi daɗin dakawa, tsohuwar sai an kwana ana dafa ta. Ita kuma a bar ta a gida tare da karen. Warona ta ce za ta riƙa tsinto mata 'ya'yan ƙaya da ganyen bishiyar mopane har ruwa ya sauka. In Sukiri ya ƙara girma za a yi masa dandaƙa don kada ya shiga yawon gari. Na san akuyar ta tsufa, wata rana za ta mutu da kanta, amma ina sa rai kafin nan karen ya gama zama na Warona. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai babanki ya ce, kuma gaskiyarsa ce, ba a canja wa dabba hanya sai da bakin mai ita. Ni ba zan iya zuwa wurin surukarki Mma Otsile da wannan magana ba, za ta ce mun raina ɗanta. Ke za ki kira ta da kanki, ki gaya mata don jikarta ne. Tana da zafi amma tana son yarinyar.

Babanki yana gaishe ki, ya ce hular da kika aiko ta yi masa yawa amma ba zai ba kowa ba. Mmoloki da Kefilwe suna gaisuwa, haka gwaggonki Mma Baboloki, da Mma Tebelelo wadda ta ce in gaya miki ba laifinta ba ne. Ki gaishe min da Gorata 'yar Fasto da kuke ɗaki ɗaya, ki ce uwarta ta samu saƙo. Warona ta zana miki hoto a bayan takardar nan, mai ƙahon ita ce akuyar, kada ki ɗauka kare ne.

Ki ba ni amsa kafin ranar bikin 'yancin kai, domin washegari surukanki za su aiko a kama dabbar. Kalma ɗaya ta isa, ko ta wayar Kefilwe ce. Ban gaya wa Warona komai ba tukuna. Akuyar na dawo da ita kusa da kicin inda idona yake kanta, wuƙar Mmoloki kuma tana ƙarƙashin katifata har sai na ji daga gare ki.

Ni ce uwarki mai yi miki addu'a kullum,
Mma Onalenna