Rayuka Uku na Mai Tulu

Birnin Konni, Fabrairu 2006

Zuwa ga Yayata Husna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aikin asibiti? Ina fata ke da maigidanki da yara kuna lafiya a Tawa, kamar yadda muke nan. Goggo tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Bayan gaisuwa, ki gyara zama kafin ki ci gaba: ƙanenki zai yi fim. Kin san wasan telen nan na danna maɓalli da samari ke cika shagona dominsa, na jarumin da ke ɗauke da tulun ruwa yana tsallake ramuka da kunamu, har ya kai garin da rijiyarsu ta ƙafe. Shi za mu mai da fim. Barmo mai ɗaukar bukukuwa ya yarda ya zo da kamararsa. Abarshi kuwa, abokina tun muna 'yan makaranta a lakwal, wanda babu mai kamo shi a wasan duk Konni, shi ne jarumin. Mun samu wani fako mai kwazazzabai a hanyar Bazaga, kamar don mu aka yi shi. Tulu biyu mun riga mun fasa. Kar ki gaya wa Goggo, ɗaya nata ne.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Lukman

Birnin Konni, Afrilu 2006

Yaya Husna,

Salamu alaikum. Yaya zafi, yaya yara? Na ga saƙonki, na gode da addu'a, amma ki ƙara.

Mun ɗauki rabin fim daidai yadda wasan yake: jarumi ba ya magana, in ya faɗa rami ya mutu sai ya tashi ya sake, har sau uku. Samari sun yi ta ihu don murna. Sai na kai kaset gida na sa wa Goggo da maƙwabta. Yaya, da kin ga fuskokinsu! Goggo ta tambaya ɗan wane ne, wa ya aike shi, kuma mutumin da ke mutuwa ya tashi ba aljani ba ne? Kafin a kai tsakiya duk sun watse, wai tuwo zai kama.

Na ce wa 'yan shago dole mu ba jarumin uwa da baki, mu cire mutuwa da tashi. Nan aka yi ta. Abarshi ya ce rayuka ukun nan su ne wasan, in an cire su to in nemi wani jarumi. Ya ajiye rawanin fim a kan tebur ya fita, sauran suka bi shi. Yanzu shagon shiru, sai ni da ƙudaje. Ba fim ɗin ke cina ba, rabuwa da Abarshi ce. Mun haɗu a masallaci, ya ba ni hannu bai dube ni ba.

Ki gai da maigida.

Ƙanenki,
Lukman

Birnin Konni, Yuni 2006

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da farin ciki. Ina fata kuna lafiya, ruwa ya sauka muku kamar yadda ya sauka mana.

Albishirinki! Ran wata kasuwa ina zaune sai ga moto ya tsaya, Abarshi ne da ƙannensa biyu, Yari da Baƙo, da ya ɗauko daga Alela. Ya jera su a bakin shago ya ce in duba da kyau. Wallahi kamar an tsaga kara! Ya ce ga rayuka uku nan: uwa ɗaya, riga iri ɗaya, in ɗaya ya faɗi ya miƙa wa ƙanensa tulu. Na rungume shi har muka ture benci.

A haka muka ƙarasa fim ɗin, mun nuna shi ranar Asabar bayan magariba a gidan matasa, wuri ya cika har kan katanga. Samari 'yan wasan tele na gaba suna faɗin kowane tsalle kafin a yi shi, sun gane ramukan ɗaya bayan ɗaya. Mata na baya suna salati. Da babban wan ya karye a kwazazzabo ya ɗaga tulun sama don kada ruwan ya zube, na ji wata tsohuwa tana kuka tana cewa a je a ɗauko shi. Da auta ya isa rijiya, gaba da baya tare suka miƙe. Wani mai gidan kallo daga Badaguishiri ya riga ya nemi kaset.

Amma ga babban labarin. Washegari da hantsi Goggo, wadda ita ma ta je kallon, ta shigo shago da mayafinta, ta ce a ba ta abin dannawar wasan nan. Wai bai kamata a bar babban yaron nan a rami ba, ita za ta tsallakar da shi da kanta. Abarshi ya durƙusa gefenta yana nuna mata maɓalli, ita tana faɗa masa ya daina cika mata kunne. Ta faɗa ramin ya fi a ƙirga. Jiya ta tsallake, ta yi guɗa har masu shayi suka leƙo.

Yanzu haka da nake rubutun nan tana kan kunamu, samari na layi a bayanta, ba wanda ya isa ya ce ta tashi. Ki zo hutu ki raba mu da ita.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Lukman