Katin da Ke Cikin Kyamarar Kawu

Daga: Jimrau Sallau, mai ɗaukar hoto, bakin tasha, Dakoro.
Zuwa ga: Mai girma Shugaban biron duwan (ofishin kwastan) mai ajiyar kayan matafiya.
Ranar 9 ga Satumba, 2024.

Game da: Kyamarar da aka riƙe da sunan Hajiya A'ishatu Ahmed

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa. Duk wanda ka tambaya a ƙauyenmu Korahane zai ce maka kawuna, marigayi Malam Alhusaini, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba sai ranar fasfo. Suna cewa ko biki ake, da ya hango kyamara sai ya tuna bai shayar da shanu ba. Wannan mutumen na roƙa, da za su tafi hajji da matarsa, ya sayo mini kyamara a filin jirgin da za su yada zango, don an ce can ba haraji.

1. Ni na koya masa dabara. Na ce ya yar da kwalin, ya yi ta ɗaukar hoto, a zaci tsohuwa ce, kar a nemi haraji in sun dawo. Don kunyata ya yarda, har yana miƙa wa abokan tafiya su ɗauke shi da Inna A'ishatu. Ranar 19 ga Yuni Allah ya karɓi ransa, can ƙasa mai tsarki aka rufe shi.

2. Ranar 2 ga Yuli ma'aikatanku suka tambayi Inna ko kyamarar tata ce. Ta ce ta shagon ɗanta ce, wato ni. Ba ta iya ƙarya ba, ni kuwa ban yi tunanin haka ba. Aka riƙe kyamarar, da ɗan katin da hotunan ke ciki.

3. Sau uku na zo bironku: 15 ga Yuli, 5 ga Agusta, da 26 ga Agusta. Na zauna, na saurari duk abin da aka faɗa, ban ɗaga murya ba. Amsa ɗaya ce: sai mai sunan ta zo da ƙafarta. Ranka ya daɗe, takaba take yi. Ba ta fita sai ƙarshen Oktoba.

4. Zuwana na ƙarshe na karanta a bango, a hankali, don da girmana na koyi boko, cewa 30 ga Satumba za a yi gwanjon kayan. Wanda ya saya zai goge katin. Bai san Malam ba.

Ban yi jayayya da doka ba. Ku riƙe kyamarar, ku ci ni tara, na cancanta. Katin kaɗai nake roƙo, bai kai farcen yatsa ba. A karɓi sa hannunta da shaidar maigari, ko a cire katin a ajiye har ta fita. Kullum na je gaishe ta sai ta tambaye ni ko hoton ya fito da kyau, in ce ana aiki. Tana zaton wankewa nake.

Ina roƙon amsa kafin ranar, don girman Allah.

Naka mai biyayya,
Jimrau Sallau

Ƙari: Ban iya rufe takardar nan ba sai da na je na karanta mata ita a tsakar gida, gaban 'ya'yanta. Da na kai ƙarshe na durƙusa na ce, Inna, ni na ja, ki gafarta mini.