Ɗan Sandan da Ya Sa wa Yayana Ankwa Zai Auri 'Yata

Anti Vernell, ki taimake ni don Allah, kaina ya ɗau zafi. Saura sati uku taron zumuncin gidanmu, na riga na sayi haƙarƙarin da za a gasa, amma mai gashin ya ce ba zai zo ba.

Mai gashin yayana ne, Roscoe. Shekararsa sittin da takwas, talatin a ciki ya yi su yana raba wasiƙu gida-gida a ɗan garin nan namu na jihar Jojiya a Amurka, babu karen da bai san shi ba. Duk shekara shi ke tsayawa kan wuta, kuma a gidanmu wanda Roscoe bai zuba wa nama da hannunsa ba bai zama ɗan gida ba, ko an ɗaura aure. Mijina sai da ya shekara biyu yana cin dankali zalla.

To bara, wata Asabar da rana tsaka, Roscoe yana zaune a motarsa a ƙofar gidansa. Ya cire na'urar jin da yake sa wa a kunne ya jefa aljihu, don matarsa da ƙawayenta na coci suna gwajin waƙa a falo, kuma Anti, tsakani da Allah ba su iya ba. Sai wani sabon maƙwabci ya buga waya, wai ga wani baƙar fata ya daɗe zaune a mota. 'Yan sanda biyu suka zo. Roscoe na hango su ya yi abin da babanmu ya koya mana tun muna firamare: hannu biyu kan sitiyari, ido gaba, kada ka motsa ko ƙuda ya sauka maka a hanci. Su kuma suna ta ce masa ya fito. Bai ji ba, na'urar tana aljihu, kuma wane baƙar fata ne zai sa hannu a aljihu gaban ɗan sanda? Suka jawo shi, suka kwantar da shi kan ciyawar da ya yanke da safe, suka sa masa ankwa. Sai da matan coci suka fito suka yi musu ca sannan aka kwance shi. Ba a tafi da shi ba, amma a takarda an rubuta wai ya ƙi bin umarni har sau uku.

Wanda ya rubuta takardar, wani matashi farar fata mai suna Wyatt, shi 'yata Renita ta kawo mini watan jiya wai shi za ta aura. A asibitin da take aiki suka haɗu. Na ce mata, ke, duk mazan jihar nan sun ƙare ne? Ta ce in dai zauna da shi tukuna. Na zauna da shi, kuma ga abin kunyar: ya kwanta mini a rai. Ya tashi da faranti biyu na wake, ya wanke kwanuka ba a sa shi ba. Da na tayar da maganar, ya ce shi abin da ya gani ya rubuta, mutum ya ƙame, an yi magana bai kula ba, kuma su an koya musu wanda ya ƙame haka wani abu yake ƙullawa.

Yanzu Roscoe ya ce muddin Wyatt ya taka filin taron, shi da murhunsa suna gida, mu ci ɗanye. Renita ta ce in babu Wyatt babu ita. Ƙanwata kuma ta ce in kawo shi kawai ba sanarwa, Roscoe ba zai yi rigima gaban jama'a ba. Anya kuwa? Ina son yayana, kuma ina tsoron 'yata ta yi aure ba dangi.

Uwar amarya mai ciwon kai

'Yar'uwa, da farko ki watsar da shawarar ƙanwarki. Mutumin da aka yi wa ba-zata a ƙofar gidansa ba a sake yi masa wata, balle yana riƙe da wuƙar yanka nama.

Na yarda Wyatt bai zauna ya shirya ƙarya ba. Kowannensu karatun da aka koya masa ya bi: Roscoe ya ƙame don ya koma wurin iyalinsa da rai, Wyatt ya tsorata da ƙamewar. Amma kada ki raba laifin biyu. Mutum ɗaya ne ya sha ƙasa gaban maƙwabta, kuma ni da ke mun sani da dattijo farar fata ne a motar nan, da ba a ma buga wayar ba. Wanke kwanuka abu ne mai kyau, ki yaba masa, sai dai ba ya wanke wannan.

Ina jin takardar ta fi ankwar cin ran yayanki. Ya gama aikin gwamnati ba tabo, sai ga sunansa a rubuce a matsayin mai taurin kai. To Wyatt ya nemi a ƙara gyara a rahoton, cewa dattijon yana da matsalar kunne, kuma a ƙofar gidansa yake. Sannan ya ɗauki kwafin ya je gidan Roscoe shi kaɗai, da kayan gida, ya ƙwanƙwasa, ya jira Roscoe ya sa na'urarsa, ya ba da haƙuri ba tare da "amma" ba. In Roscoe ya wanke shi tas, ya tsaya ya sha.

Kada ki matsa wa yayanki ya yafe don taro ya matso. In bana bai gayyace shi ba, Wyatt ya haƙura, Renita ta zo taron ta kai masa ƙunshin nama. Ki gaya mata kuma, in ya je ƙofar nan ta yi dacen miji. In ya ce shi ba shi da abin gyarawa, gara ta ji yanzu tun ba a ɗinka rigar aure ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Roscoe, ya sa ku ci gasasshe.

Anti Vernell