Kaka Ta Warke, Ni Kuma Na Kamu da Kishi

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin da ke damuna ko mahaifiyata na kasa faɗa wa, don kunya.

Ina aji biyar a sakandare. Tun ina ƙarama yanar ido ta rufe idanun kakata, ni ce na zama idonta. Ni nake zura mata zare a allura, in kai ta banɗaki, in faɗa mata launin zanen da ta ɗaura. A ɗakinta nake kwana. Ko sunana ba ta kira, sai dai Sandata.

Kwanan baya likitocin ido suka zo asibitin garinmu suna aiki kyauta. Mun sha layi, tsofaffi da yawa sun koma gida ba a kai kansu ba, amma Allah ya sa aka yi wa Kaka ido ɗaya. Da aka cire bandejin ina tsaye a gefenta, tare da 'yar kawuna da ta zo hutu. Anti, 'yar kawun nawa Kaka ta rungume tana kiran Sandata! Kowa ya yi dariya, har nas. Ni ma na yi ta dole.

Tun ranar ba ta gajiya da kallonta, wai kamanninta sak da ƙanwar Kaka da ta rasu. Ni kuwa cewa ta yi ashe haka nake da rama. Yanzu ita kaɗai take zuwa gidan maƙwabta, in na miƙa hannu sai ta ce in je in yi karatu. Na san ya kamata in yi murna, ina ma yi, amma wani lokaci har idon nan nake jin haushi.

Ga babbar matsalar. Likitocin za su dawo su yi ɗaya idon, Kaka kuma ta ce tsoro take ji, ɗaya ya ishe ta. Kawu da Baba sun yi lallashi sun gaji. Kowa ya san maganata kawai take ji. Ta tambaye ni ra'ayina, na sunkuyar da kai na yi shiru. Anti, ni muguwa ce?

Jikar Kaka

'Yata,

Muguwa ba ta rubuto irin wannan wasiƙa. Kin ba da ƙuruciyarki, rana ɗaya aka ce ki huta ba tare da an ce sannu ba. Dole ki ji ciwo.

Amma ki duba ɓangaren Kaka. Wanda ya daɗe a duhu komai sabo ne a wurinsa. Ke da hannu da murya ta san ki, ba da fuska ba, shi ya sa ta yi kuskure. Korar ki karatu kuwa ba ƙi ba ne, kunyar wahalar da ta ba ki take ji. 'Yar kawunki baƙuwa ce, kuma baƙo raɓa ne. Kada ki ɗora mata laifin kama da ba ita ta zaɓa ba.

Sai dai shirun nan naki ba zan goyi bayansa ba. Yanar ido ba ta tafiya da kanta, ba ta jin kwalli ko saiwa, sai aiki. Ke da kanki kin ga waɗanda suka koma gida da duhunsu, kuma ba wanda ya san ranar da likitocin za su sake waiwayo ku bayan wannan zuwan. Mai ido ɗaya kuma yakan kasa auna dokin ƙofa, faɗuwar tsoho kuwa ba wasa ba ce.

Yau ɗin nan ki zauna kusa da ita, ki ce ta je, kuma ke za ki raka ta har ƙofar ɗakin tiyata. Bayan haka ki faɗa mata abin da ya ɓata miki rai, ko da wasa irin na jika da kaka. Ki sanar da mahaifiyarki ma, kada ki ci gaba da haɗiye shi ke kaɗai.

Allah ya ba Kaka lafiya, ke kuma ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Antinku